FILIN MATA: Ba a Dafa Iri Don Yunwar Yau

 

A makon jiya wata 'yar'uwa ta aiko mini da takarda mai zafi ƙwarai. Ba zan faɗi sunanta ko garinsu ba, gama ta roƙe ni kada in faɗa. Ta ce ta aiki 'yarta da ƙanwar mijinta su samo itacen girki a gandun dajin da ke bayan garinsu, sai malamin daji ya tare su, ya karɓe gatari da igiya, suka komo gida suna kuka. Ran nan da kara da tsumma ta hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido, tuwo bai sauka ba sai bayan lisha, maigida kuwa ya yi ta faɗa kamar ita ta kafa dokar. Ta rufe takardarta da tambaya, ta ce in gaya mata tsakani da Allah, ko tsuntsu da biri sun fi ɗan Adam daraja ne, har da za a killace musu daji a bar mace da tukunya ba wuta.

To, 'yar'uwa, na ji kukanki, kuma ba zan ce ba ki da gaskiya ba. Waɗanda su ke zana iyakar gandu galibi ba su ne ke tashi da asuba neman abin hura wuta ba. Amma ki yi mini haƙuri in ba ki labari biyu, ɗaya na kakata, ɗaya na wani ɗan ƙaramin daji da ke kusa da Jos. In na gama, sai ki auna da kanki.

Damin da ba a taɓawa

Sa'ad da na ke yarinya, kakata tana da wani ɗan dami na gero da ta ke ratayewa can saman ɗaki, inda hayaƙi ke bugunsa don kada ƙwari su ci. Tun da kaka a ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika da tsawo, a ɗaure ta dabam. Wata shekara abinci ya ƙare mana tun bazara ba ta yi nisa ba, muka koma tafasa da rama. Na dubi damin nan, na ce, “Kaka, ga gero can, me ya sa ba za a daka ba?” Ta harare ni, ta ce iri ne. Ta ce in mun ci shi yau, kwana biyu zai yi mana, ran da ruwa ya sauka kuwa sai mu tsaya bakin gona muna kallon mutane suna shuka.

Na yi fushi ran nan ƙwarai, don cikina ba ya jin wannan magana. Amma da aka yi ruwan shuka, ɗan damin nan da bai cika ƙwarya biyu ba shi ya rufe gonarmu duka.

Abin da na ke so ki riƙe ke nan. Ƙaramin gandun daji damin iri ne. Ba don ya fi sauran daji yawan itace a ke tsaronsa ba, sai don in ya tafi, babu inda sauran ƙasa za ta sake samo abin da ta rasa.

Dajin Amurum

Arewa maso gabas da garin Jos, tafiyar kamar kilomita 15, watau mil 9 da 'yan kai, akwai wani ƙauye da a ke kira Laminga, a ƙasar Afizere, waɗanda mu Hausawa mu ka saba kira Jarawa. Gab da ƙauyen akwai ɗan gandun daji mai suna Amurum. Girmansa duka wajen hekta 300 ne, watau eka 740 ko kusa da haka. Ki ɗora wake a wuta, mai sauri ya iya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan tun waken bai nuna ba. Wurin tudu ne, kamar mita 1,300 bisa teku, shi ya sa a ke sanyi irin na Jos.

Ƙasa iri uku ce a cikinsa. Akwai manyan duwatsu masu santsi da su ka hau kan juna. Akwai fili mai ciyawa da gajerun itatuwa. Akwai kuma kurmi mai duhu da ya bi bakin ƙoramu. Itatuwan ba baƙinmu ba ne: ɗorawa, da maje, da ɗinya, da ɓaure, da malmo, da namijin kaɗe.

Za ki ce, to, mene ne abin mamaki a nan? Abin mamaki shi ne saura. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa su ka buɗe haƙar kuza a ƙasar Jos, a 1914 kuma ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso can. Dubban leburori su ka taru daga ko'ina, har da kakannin waɗansunmu daga Kano da Katsina da Bauci, kowa kuwa sai ya dafa abinci, sai ya ji ɗumi da hunturu. Ga haƙa, ga noma, ga kiwo, ga gari yana ta faɗi. Yau da gobe aka wayi gari yawancin tudun nan ya zama fili, sai ramukan kuza cike da ruwa, da itatuwan turare da aka kawo daga Ostareliya aka dasa. Amurum na cikin 'yan guntayen wuraren da su ka rage masu nuna yadda ƙasar ta ke tun asali.

A shekarar 2001 aka kafa makarantar binciken tsuntsaye a bakin dajin. Masu hannu a ciki su ne Jami'ar Jos, da ƙungiyar kiyaye halittu ta Nijeriya da a ke kira NCF, da mutanen Laminga masu ƙasa. Wanda ya ɗauki nauyin kuɗi kuwa shi ne A. P. Leventis, na gidan Leventis ɗin nan da iyayenmu su ka sani da kantuna, don haka a ke kiran wurin APLORI. Ɗalibai maza da mata daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma su kan zo nan su yi digiri na biyu a kan kiyaye halittu. An hana sara da farauta a cikin gandun. Masanan sun ƙirga tsuntsaye fiye da iri 300 a ɗan wurin nan. Nijeriya duka kuwa, daga bakin teku har tafkin Chadi, iri 900 da ɗoriya gare ta. Ashe kusan kashi ɗaya cikin uku na tsuntsayen ƙasar nan an gan su a filin da bai kai wata unguwa ta birnin Kano ba. Gaskiyar Hausawa, ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

'Yar riƙon da ta tona asirin gidan riƙo

Kun san ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaba a gindin turmi? To, yana da wani ɗan'uwa mazaunin duwatsu. Bai fi tsawon yatsa da rabi ba. Namijin kansa toka-toka ne, bayansa da ƙirjinsa ja wur kamar jini. Har zuwa 1998 babu sunansa a littafin masana ko ɗaya a duniya. Yadda aka gano shi kuwa labari ne da ya shafe mu mata, gama maganar riƙo ce.

Akwai wani tsuntsu dangin zalaiɗu, namijinsa baƙi mai ƙyalli da farin baki a lokacin aure. Macensa ba ta sheƙa, ba ta kwanci, ba ta reno. Sai ta faki idon jan tsuntsun nan, ta saka ƙwanta cikin nasa, ta yi tafiyarta. In an ƙyanƙyashe, ɗan baƙon yana da ɗige-ɗige cikin bakinsa irin na 'ya'yan masu gida sak, in ya wage baki neman abinci uwar riƙo ba ta rarrabewa. Ba ya kashe 'yan'uwansa na riƙo, tare a ke ciyad da su har su yi fiffike. Yana cikin sheƙar kuma ya kan koyi kukan uban riƙonsa. In ya girma, da wannan kuka ya ke neman aure, macen da ta tashi a irin gidan ita ke amsa masa, ita ma ta je ta saka ƙwanta a irin gidan da ya rene ta.

Wani masani Ba'amurke mai suna Robert Payne, wanda ya daɗe yana binciken wannan dangi, ya saurari kukan baƙin tsuntsun na ƙasar Jos, ya ji yana kwaikwayon wata murya da ba ta dace da ta kowane jan tsuntsu da aka sani ba. Ya ce lalle akwai gidan riƙon da ba a gano ba tukuna. Aka bi sawu cikin duwatsu har aka same shi, a 1998 ya bayyana shi ga duniya. Daga baya an gan shi kuma a duwatsun Mandara, wajen iyakar Kamaru. Amurum na cikin wuraren da aka fi saninsa.

Yanzu ki duba yadda abin ya ke a sarƙe. Jan tsuntsun ƙwayar ciyawa ya ke ci, cikin ciyawa da tsakanin duwatsu ya ke sheƙa, da rani kuma ya kan gangara kurmi shan ruwa. In aka ƙone ciyawar, ko aka sare kurmin ƙorama ta ƙafe, ya tafi. In ya tafi, baƙin ma ya tafi, gama ba shi da wani gidan da zai kai ɗansa. Gatari ɗaya ya rushe gida biyu.

Akwai kuma baƙi na nesa. Mu mun san shamuwa, mai zuwa da bazara ta yi mana albishirin ruwa. To, haka waɗansu ƙananan tsuntsaye ke tasowa daga Turai in sanyi ya matso can, su ƙetare teku da hamada, su sauka ƙasar Jos da kaka, su koma wajen watan Afrilu. Waninsu bai kai nauyin rabin ƙwan kaza ba. Masanan Amurum su kan kama su da taru mai laushi, su sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, su sake su. Ta haka aka tabbatar waɗansu su kan komo daidai gonar da su ka zauna bara, kamar fatake da masaukinsu.

Ina ruwan tukunya da wannan?

Na san 'yar'uwarmu za ta ce, labari ya yi daɗi, amma ba a miya da kukan tsuntsu. To, bari mu zo kan miya.

Daddawar da ki ka jefa a tukunya yau daga kalwa ta fito, kalwa daga ɗorawa. Furen ɗorawa, jan nan mai kama da tuntu, da dare ya ke zub da zaƙinsa, jemagu su zo sha, su kwashi garin fure a gashinsu su kai wa wata ɗorawar, da safe ƙudan zuma su ƙarasa aikin. Kuka ma jemage ke yi mata wannan hidima. In babu mai kai garin nan, fure ya kaɗe a banza. Jemage da zuma kuwa suna bukatar wurin kwana da abin ci a watannin da ɗorawa ba ta fure, kurmi ne ke ba su.

Na biyu, wa ke shuka ɓaure da ɗinya a daji? Ba mutum ba ne. Tsuntsu da jemage da biri su ke shan 'ya'yan, su je nesa su kasayar da ƙwallon ko ƙwayar, ta tsiro. Itacen da ki ka gani ya fito shi kaɗai a kan iyakar gona, sau da yawa uwarsa tana cikin wani kurmi da ba ki taɓa zuwa ba. Wannan shi ne iri da na ke faɗi.

Na uku, ruwa. Inda akwai itace da ciyawa da ruɓaɓɓen ganye, ruwan sama ya kan tsaya ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin ƙorama da rijiya har tsakiyar rani. Saiwoyi kuma su riƙe gaɓa. Inda aka share ƙasa ta zama fako, ruwa ya kan zo da gudu rana ɗaya, ya kwashe ƙasar noma, ya haƙa kwazazzabo, ya wuce, a bar mata da tulu suna neman inda za su ɗiba. Kada ku ce wannan matsalar mutanen Jos ce su kaɗai. Daga tudun nan kogin Kaduna ya taso, da kogin Gongola. Kogin Dilimi da ya ratsa garin Jos shi ne ya gangara ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su ka nufi tafkin Chadi. Mai wanki a Kaduna da mai noman rani a Katagum duk suna da rabo cikin abin da ya sami itatuwan kan tudu.

Hakkin mace a kan masu gandu

Duk da haka ban ce a bar mace da hayaƙin tsumma ba. Kakata da ta hana mu iri ba ta bar mu haka ba, ta fita ta samo tafasa. Wanda ya ce kada a taɓa, wajibi ne ya nuna abin da za a taɓa. A ganina ba yarinya mai ɗan ƙunshin ƙirare a ka ce ke cinye daji ba, masu cika manyan motoci da gawayi da gungume su ne, ya kamata a fi sa musu ido. Malamin daji kuma ya yi wa yara magana da hankali, gama tsoro ba ya koya wa kowa son daji.

Shawarata gare ki, 'yar'uwa, kada ki sake aiken yara su shiga a ɓoye. Ku haɗa kai ku matan unguwa, ku sami mai unguwa ko dagaci ta hannun mazanku ko shugabar mata, ku nemi a zauna da ma'aikatan daji. Ku tambaya a fili abin da doka ta yarda a ɗiba da wanda ta hana, ko za a sa ranar tsintar busassun rassa da 'ya'yan itace, ko kuma a ba ku fili a wajen gandu ku dasa na girki. Abin da ya sa na zaɓi labarin Amurum ke nan: da masu ƙasa aka zauna aka ƙulla shi, ba daga sama aka jefo musu ba. Gandun da mutanen gari ba su ɗauke shi nasu ba, ko soja aka sa ba zai tsaru ba.

Abin da ke hannunmu

Kafin a yi wannan zama, ga abin da kowace mace za ta iya tun daga yau.

1. A yi girki da busasshen ice, a faskara shi ƙanana. Ɗanye rabin ƙarfinsa a hayaƙi ya ke tafiya. A tanadi na damina tun da rani, a ɗora shi inda ruwa ba ya taɓawa.

2. A kewaye duwatsun murhu da yumɓu, a bar ƙofa ɗaya ta sa ice da 'yar kafar fitar hayaƙi. Wutar da iska ke kaɗawa gefe ba ta dafa kome.

3. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun da dare. A gama yanka da daka da jajjage kafin a kunna wuta, kada ta yi ta ci tana jiran mai girki.

4. In an sauke, a zare bakin wutar da ya rage a turbuɗe shi cikin yashi, gobe ya yi aiki.

5. A yi girki inda iska ke shiga, a sauke goyo a nesa da murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3, mata da ƙananan yara kuwa su su ka fi shaƙarsa. Rage ice rage ciwon ƙirji ne.

6. A dasa ko da itace biyu a gida, zogale don miya, darbejiya don inuwa da rassa, a riƙa zuba musu ruwan wanke-wanke. In za a ɗiba, a sassare reshe, a bar uwar.

Ku kuma gaya wa mazanku abin da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ka yi. Tun wajen 1983 manoma can su ka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su gyara, su cire saura. Sassaben zamani su ke ce masa. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba, amma an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun komo a fili mai hekta miliyan 5, matan can da yawa kuma a gonar gida su ke samun abin hura wuta. Ƙasa ba ta mantuwa, muddin an bar mata saiwa da iri.

Gare ku 'yan makaranta

Ga aikin hutu. Kowace ta sami ɗan littafi, ta zauna wurin kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, ta tambaye ta sunayen itatuwa da tsuntsayen da ta sani tana yarinya, da amfanin kowanne. Sa'an nan ta sa alama a kan waɗanda har yanzu a ke gani a garinku. Waɗanda ba su sami alama ba, ku tambaya ina su ka tafi. Ku aiko mini da abin da ku ka samu, zan buga na waɗanda su ka fi ƙoƙari. Kada kuma wata ta ce wannan ilmin maza ne. Akwai mata 'yan Nijeriya da su ka yi karatu a Amurum, yanzu su ke koyar da waɗansu. Farkon aikin duka shi ne zama shiru da buɗe ido, mu kuwa ba a fi mu wannan ba.

Ke kuma 'yar'uwa mai takarda, ga amsata. Tsuntsu bai fi ki daraja ba, ko kusa. Saboda ke da jikokinki a ke tsaron wurin kwanansa, don su ma su sami daddawa a miya da ruwa a rijiya. Ki nemi hakkinki ta ƙofa, ki rage abin da murhu ke ci, amma damin da ke rataye a bar shi sai ranar shuka. Ki sake rubuto mini in ji yadda ku ka ƙare da dagaci.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.